Daren Ƙarshe a Kan Hancin Dutse

A yammacin ƙasar Amurka, cikin jihar Kalifoniya, akwai wani gandun daji da ake kira Yosemiti, wanda gwamnati ta keɓe tun 1890. A bakin kwarin gandun nan wani dutse yake tsaye, sunansa El Capitan, tsawonsa ya kai wajen ƙafa 3,000. Ta bayansa akwai hanya, mai ƙafa yakan bi ta ya kai ƙoli cikin yini guda. Amma ta gaba bango ne sumul, a miƙe kamar ginin gwanin magini, ba ciyawa, ba ruwa, ba inuwa. A tsakiyar bangon dutsen ya turo gaba kamar karan hanci, shi ya sa mahaya duwatsu suke kiran wurin Hanci.

Wani mutum mai suna Warren Harding, ma'aunin ƙasa ne sana'arsa, shi ya ɗaura niyyar bin Hancin nan har sama. Ya fara a watan Yuli na 1957, bayan wasu sun riga shi hawan bangon Half Dome da ya daɗe yana kwaɗayi. Dabararsa ita ce ta gara, watau kaɗan-kaɗan. Su hau su kafa turakun ƙarfe cikin tsagar dutse, su ɗaura igiya, su sauko su koma harkokinsu. In sun sami sarari su dawo su bi igiyar zuwa inda suka tsaya, su ƙara gaba. Inda tsaga ta yi faɗi har turakunsu suka kasa cika ta, sai suka yi aiki da ƙafafun wani tsohon murhun ƙarfe, har yau kuwa da sunan ƙafafun murhun nan ake kiran wurin. 'Yan kallo suka riƙa tsayar da motoci suna toshe hanya, har hukumar gandun ta hana hawan a lokacin da baƙi suka fi yawa. Abokin tafiyarsa Mark Powell ya karye a wani dutse dabam, Bill Feuerer kuma ya janye. Harding bai fasa ba, ya nemi waɗansu.

Ran 1 ga Nuwamba 1958 suka hau hawan da ba saukowa sai an gama. Sanyi ya riga ya shigo, hukuma kuma ta gaji da su, ta yanka musu wa'adi. Zangonsu na dare ba zango ba ne irin wanda matafiyi ya sani. Wani ɗan dandamali ne a jikin bango, wani bai fi tabarma faɗi ba, mutum ya shiga jakar barci da igiya ɗaure a ƙugu, don kada juyin barci ya zama ajalinsa. Ruwan sha da abinci duk daga ƙasa ake jawo su, saboda haka kowane kurɓi da lissafi. Hausawa kan ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ga wanda ya kwana a irin wurin nan, wannan magana ba ta ba da dariya.

Ran 11 ga wata suka wayi gari saura kaɗan, su uku ke nan, Harding da Wayne Merry da George Whitmore. Suka yini suna hawa. Da rana ta yi yamma sai suka iske abin da ya fi duk na baya wuya. Bangon ya sunkuyo ta kansu kamar bakin rumfa, tsagar da suke bi ta ƙare, babu inda yatsa zai shiga balle turke. Mai hankali sai ya ce a kwana, gobe a duba. Harding ya ɗaura tocila a goshi, ya ɗauki guduma da ƙarfen huda dutse, ya tashi.

To, a nan ne aikin yake, kuma ba abin sha'awa a cikinsa ko kaɗan. Ya ɗora bakin ƙarfen a kan dutse sama da kansa, ya buga, ya murɗa, ya buga, ya murɗa, har rami ya yi zurfin da ƙusa za ta zauna. Ya kafa ƙusar, ya rataya madaurin ƙafa a jikinta, ya taka, ya miƙe, ya sake ɗora ƙarfen. Kowace ƙusa ba ta ƙara masa abin da ya wuce tsawon hannu ba. Haka ya yi har sau 28, cikin sa'o'i fiye da 12, ƙafafunsa na lilo a kan duhun da ba a ganin ƙarshensa. Merry kuwa yana rataye a ƙasa da shi, riƙe da igiyar da za ta tare shi in ya faɗo. Nasa aikin ma ba ƙarami ba ne, gama mai buga guduma aƙalla jikinsa na ɗumi, shi ko mai riƙon igiya ba motsi, ba barci, sai sanyi da sauraron ƙarar ƙarfe.

Wajen ƙarfe 6 na safe, ran 12 ga Nuwamba, Harding ya ja jiki ya fito ƙoli, abokansa suka biyo baya. In an haɗa kwanakin aikin tun daga farko, sun haura 40.

Ba kowa ya yaba ba. Waɗansu mahaya suka ce wannan ai kewaye gari ne da yaƙi, ba hawa ba ne, ƙusoshin kuma sun yi yawa. Maganarsu da ƙamshin gaskiya, don a 1960 Royal Robbins da mutum uku sun hau Hancin cikin kwana 7 ba tare da sun sauko ba. Sai dai sun hau ne suna sane da cewa hanya ta ɓulle, abin da Harding bai sani ba sa'ad da yake huda ƙusa ta farko a daren nan. A 1975 aka hau shi cikin yini guda. A 1993 Lynn Hill ta hau shi da hannu da ƙafa kaɗai, igiya don tsaro kawai. A 2018 Alex Honnold da Tommy Caldwell suka gama shi cikin ƙasa da sa'a 2, da suka zo bakin rumfar nan kuwa layin ƙusoshin da Harding ya fara hudawa suka bi.