Bruce Springsteen, mawaƙin da ya ari muryar mahaifinsa

An haifi Bruce Springsteen ranar 23 ga Satumba, 1949, a jihar New Jersey ta Amurka, ya tashi a Freehold, ƙaramin garin ma'aikatan masana'anta. Mahaifinsa Douglas bai taɓa daɗewa a aiki ɗaya ba: ya yi aiki a masaƙar darduma, ya tuƙa bas, ya yi gandiroba a gidan yari. Albashin mahaifiyarsa Adele, sakatariya a ofishin lauya, shi ya riƙe gidan. Ita ce kuma ta ci bashi ta saya masa gita yana saurayi.

Abin da yaron ya saba gani shi ne uban zaune shi kaɗai a kicin da dare, fitila a kashe, ba a ganin komai sai jan wutar sigarinsa, ba ya ce wa kowa uffan. Sai bayan shekaru aka gane cewa tsohon yana fama da larurar ƙwaƙwalwa. Da yawa daga cikin waƙoƙin ɗan daga wannan shirun suka fito.

Kamfanin waƙa na Columbia ya ɗauki Bruce a 1972, faifan Born to Run na 1975 kuma ya fito da sunansa, har mujallun Time da Newsweek suka sa hotonsa a bango a mako guda. Waƙoƙin lokacin na samari ne masu zumuɗin hawa mota su bar garinsu. A 1978, cikin Darkness on the Edge of Town, ya juya ga waɗanda ba su samu tafiya ba. Waƙar "Factory" gajera ce, ba ado: magidanci ya tashi da asuba, ya shiga ƙofar masana'anta da ƙunshin abincinsa, aikin da ke ciyar da shi yana cinye masa ji. "The River" ta 1980 labarin ƙanwarsa ce da ta yi aure da ƙuruciya, da mijinta lebura a wurin gini wanda aiki ya yanke masa. A nan gwanintarsa take: ba ya wa'azi, mutum ɗaya yake ɗauka ya bar shi ya faɗi halinsa da bakinsa.

A 1982 ya naɗi faifan Nebraska shi kaɗai a ɗakinsa, da ƙaramar rikoda ta kaset. Born in the U.S.A. na 1984 ya sayar da miliyoyi, amma an yi wa babbar waƙarsa gurguwar fahimta. Kukan tsohon sojan Amurka ne da ya dawo gida daga yaƙin Biyetnam ya rasa aiki, amma ƙarfin kiɗan ya sa da yawa suka ɗauke ta kirarin ƙasa, har Shugaba Ronald Reagan ya ambaci sunansa a yaƙin neman zaɓe. Springsteen ya nesanta kansa, ya shiga tallafa wa rumbunan abincin mabuƙata a garuruwan da yake wasa.

A wasannin da ya fara a dandalin wasan kwaikwayo na Broadway a 2017, ya faɗa da bakinsa cewa bai taɓa aikin masana'anta ba, tufafin aikin uban ya sa ya hau dandamali da su. Douglas ya rasu a 1998, bayan sun sasanta tsakaninsu.