Dariyar da Ibro Ya Bari

A teburin mai shayi na ga yara sun yi cincirindo a kan waya ɗaya suna ƙyalƙyala dariya, da na leƙa sai ga Ibro, ya zare ido yana faɗa da wanda ya fi ƙarfinsa. Ƙaramin cikinsu ba a ma haife shi ba lokacin da Ibro, wato Rabilu Musa, ya rasu a watan Disamba na 2014. Mu a kaset muka san shi, ana haya ana juyawa gida-gida har hoton ya dusashe. Yakan fito a talaka mai wayon da ba ya kai shi ko'ina, ko ɗan ƙauyen da birni ya ruɗa, kuma ina jin abin da ya sa muka so shi ke nan, don kowa yana da irinsa a dangi, wani lokacin ma shi ne. Nakan tuna cewa Ibro, mutumin garin Ɗanlasan, gandiroba ne kafin ya shiga fim. Wanda ya yi shekaru yana kallon fuskokin da baƙin ciki ya rufe, wataƙila a can ya gane nauyin da mutane ke ɗauke da shi, da yadda dariya ke sauke musu shi ko na ɗan lokaci. A 2008 shi ma an tsare shi a kan fim ɗin Ibro Aloko, ya fito ya ci gaba da sana'arsa har ciwo ya kwantar da shi. Allah ya jiƙansa da rahama.