Ƙofar da Indiya ta bar wa yaron da ba a rububinsa

Mu mutanen Jakusko da Gashuwa yawanci ciwon ƙoda ke kai mu Indiya, ba yawon buɗe ido ba. Ni ma rakiyar yayana na yi zuwa Delhi. A gidan da muka kama haya kusa da asibiti, kullum da safe sai in ga matar gidan ta durƙusa tana saƙala wa wata yarinya kurma na'urar ji a kunne, ta ɗaure mata gashi, 'yan'uwanta maza uku suna gardamar wa zai ɗaukar mata jaka. Duk wanda ya gani zai ce autarta ce. Daga gidan marayu ta ɗauko ta.

Matar gidan ce ta warware mini tsarin. Hukumar CARA, da ke ƙarƙashin ma'aikatar mata da yara, ita ke da wuƙa da nama kan ɗaukar yaro daga gidan marayu a ƙasar. A ƙa'idojin 2017, ma'aurata masu 'ya'ya uku ba a ba su lafiyayyen yaro. A 2022 aka ƙara matsewa zuwa biyu. Amma an bar musu ƙofa: yaro mai buƙata ta musamman, ko wanda aka rasa mai ɗaukarsa. Ɗan dangi kuwa iyakar ba ta hau kansa ba.

Wallahi dabarar ta burge ni. Masu neman jariri lafiyayye shekaru suke yi a layi, makaho da gurgu suna girma a gidan marayu. Ga shi gidan da ya goge da raino, inda akwai yayye masu kama hannu, shi aka karkato wajensu. Kuma ba a miƙa yaro a juya baya: ana duba gida kafin a bayar, ana komawa duk wata shida har shekara biyu.

A ƙasarmu ta Bade riƙo ba baƙon abu ba ne. Daga Gogaram zuwa Gashuwa gidaje cike suke da 'ya'yan riƙo, addini ma ya kwaɗaitar, muddin yaro na amsa sunan ubansa. Ba na fatan a ƙayyade mana yawan iyali. Komawar nan a duba yaro ita nake mana kwaɗayi. Dokar da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta sa naƙasasshe bara, amma ranar kasuwa za ka ga gurgun yaro da ƙoƙo a bakin tasha, ba mai tambayar wa ke riƙonsa.