Palo Alto, Garin Da Aka Koya Wa Kwamfutoci Bin Layi

Wanda ya tashi daga birnin San Faransisko na ƙasar Amurka ya nufi kudu, kafin ya ci mil 35 zai iske wani gari mai yawan inuwa, ana ce da shi Palo Alto. Sunan da Sifaniyanci ne, ma'anarsa dogon itace, an kuwa samo shi daga wata bishiya da ke tsaye a bakin rafin garin, wadda ta haura shekara 1,000 a duniya. A da kwarin nan duk gonakin 'ya'yan itatuwa ne. Yanzu kamfanonin kwamfuta sun cika shi, ga kuma Jami'ar Stanford da aka buɗe a 1891 tana maƙwabtaka da garin.

Tsakar garin ba ta da wani abin mamaki. Sai baƙo ya fita wajen tuddai, inda ciyawa kan bushe ta yi ruwan ɗorawa lokacin zafi, dawakai suna kiwo, sa'an nan zai ga wani gini kwance a jikin tudu, a hanyar Coyote Hill. Nan ne mazaunin PARC, watau cibiyar bincike da kamfanin Xerox ya kafa a 1970, ta kuma tare a wannan gini a 1975. Duk wanda ya taɓa aika takarda daga wayarsa ta fito daga injin bugu a wani ɗaki, to, ya ci gajiyar mutanen wannan cibiya.

Ga yadda abin ya faro. A 1971 wani masani, Gary Starkweather, ya zo cibiyar da dabarar buga rubutu da hasken lesa. Injin da ya haɗa yakan fitar da shafi guda kowace daƙiƙa, amma ƙato ne, ga tsada, ba yadda za a yi a ajiye wa kowane ma'aikaci nasa. Tilas a yi tarayya. To, ta ina rubutun mutane da yawa zai isa inji ɗaya?

Da fari ma injin yana wani gini, na'urar da ke tsara masa haruffa tana wani. Sai suka kafa madubin hangen nesa a kan rufin gine-ginen, suna harba saƙon cikin hasken lesa ta sararin sama. In hazo ya sauko da safe, jan hasken sai ya fito fili, masu mota a kan titi suna ta mamaki.

Maganin dindindin ya zo a 1973, sa'ad da Robert Metcalfe da David Boggs suka ƙago Ethernet, waya guda da kwamfutoci duka ke magana ta cikinta. Tushen dabarar daga Jami'ar Hawai ne, wadda tun 1971 ta haɗa kwamfutocin tsibirai da rediyo. Ka'idar kuwa irin ta zaman majalisa ce: kowace kwamfuta ta saurara tukuna, in ta ji shiru ta yi magana, in biyu suka fara tare, duk su dakata, kowacce ta jira ɗan lokaci dabam, kana ta sake gwadawa.

Daga nan aka keɓe wata kwamfuta mai suna Alto aka mai da ita magatakardar injin. Aikinta ta karɓi takardun kowa, ta jera su bi da bi, ta miƙa wa injin ɗaya bayan ɗaya. Mai aikowa ba ya tsayawa jira, ya ci gaba da aikinsa. Amma in magatakarda ta tsaya, bugun kowa ya tsaya. Haka tsarin yake har gobe, sai dai magatakardar ta ƙanƙance ta zama ɗan akwati, ko ma ta shige cikin injin, kuma tun da aka fito da ka'idar Wi-Fi a 1997 saƙon ya koma bin iska.

Xerox ya ci riba mai yawa da injin lesa, wanda ya fara sayarwa a 1977. Amma game da kwamfutar Alto, an yi kura da shan bugu, gardi da kuɗi: Steve Jobs ya ziyarci cibiyar a 1979, kamfaninsa Apple ne ya kai irin dabarunta gidajen mutane. A 2023 Xerox ya ba da cibiyar kyauta ga ma'aikatar bincike ta SRI International.

Kafin baƙo ya bar garin, ya kamata ya bi ta titin Addison ya dubi ɗan garejin katako inda aka fara kamfanin HP a 1939. Injin LaserJet da kamfanin ya fitar a 1984 shi ne kakan waɗanda ke aiki yau a ofisoshi da shagunan buga takardu na ƙasarmu, inda kwamfutoci da yawa ke bin layin inji ɗaya.