Ranar da Fijo Ta Yi Yoyo

Motar Babanmu Peugeot 504 ce fara, irin waɗanda kamfanin PAN ya soma harhaɗawa a Kakuri ta Kaduna a 1975. Bashin mota na ma'aikata ya ci ya saye ta, kuma ɗigon fetur ɗaya a ƙarƙashinta ya isa ya hana shi barci. Tsadar mai ba ta cikin lissafinsa, don lita kwabo 20 take tun 1982, sai a 1986 ta haura zuwa 39.5. Wuta yake tsoro. Rumfar motar da murhun Inna katanga ɗaya ce ta raba su.

Hanci ke fara kawo labari. In ya dawo daga sallar isha ya ji wari a zaure, sai ya sa in shimfiɗa kwali ƙarƙashin motar ya kwana. Fetur yakan bushe kafin asuba, amma yana barin shaci, kuma shacin ke nuna ko ciwon na baya ne wajen tanki ko na gaba wajen inji.

Aikin na safiyar Asabar ne, inji da sanyinsa.

"A kashe wutar nan," in ji Baba.

"Malam, kokon yara fa?"

"Su sha fura."

Sai ya cire kan batir, a ajiye bokitin yashi a gefe, don ruwa watsa wutar fetur yake yi. Fitilar ƙwai ba ta shiga rumfar. Ni ne mai riƙe tocila da miƙa sifana, kuma na ɗauki muƙamin da girma.

Baba ba bakanike ba ne, malamin makaranta ne, amma yana da ƙa'ida ɗaya: a bi mai ta hanyar da yake bi. Daga tanki a baya, bututun ƙarfe ya biyo ƙarƙashin mota, ya haɗu da tiyon roba, ya shiga famfon mai da ke manne a jikin inji, daga nan ya hau kafireta. Yakan goge kowace mahaɗa da tsumma, ya barbaɗa mata hodar Inna, sannan ya mai da batir ya tayar da motar na ɗan lokaci. Inda hodar ta yi duhu, nan ɓarawon yake. Yawanci tiyo ne zafi da hunturu suka busar, bakinsa ya tsattsage dab da abin ɗaure shi. A yanke wurin da reza, a mayar, a ɗaure, kafin a samu mai zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo sabo.

Yoyon da ya fi ba shi aiki shi ne wanda ba ya sauka ƙasa. Wata shekara mai ya riƙa ƙarewa da wuri, kwali kuwa fes. Baba ya zaro sandar awon baƙin mai, ya ga ya haura alama alhali bai ƙara ba. Ya murza a yatsa ya ji ya tsinke, ya kai hancina.

"Me ka ji?"

"Fetur, Baba."

Fatar da ke cikin famfon ce ta huje, mai yana zirarewa cikin inji yana wanke abin da ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Da an ƙara tafiya a haka, da sai an sauke inji. A lokacin fatar kaɗai ake saya, ba famfon duka ba. Ya kwance sukurorin, ya sauya ta, ya juye baƙin mai. Kafiretar Solex ma tana da nata halin: in datti ya tokare allurar da ke tsayar da mai, ko ɗan tulun da ke yawo a ciki ya huje ya nutse, sai mai ya yi ambaliya ta sama. Baba yakan girgiza tulun a kunnena in ji ko ruwa na motsi a ciki.

Yoyon tanki kuwa sabulun wanki ne maganinsa na wucin gadi. Fetur ba ya narkar da sabulu, saboda haka in dutse ya huda tankin a hanyar ƙauye, a jiƙa sabulu a cusa a ramin, ya kai mu gida. Walda dai Baba bai taɓa yarda a yi a gida ba, don tankin da ba mai cikinsa ya fi cikakke saurin fashewa.

Motar da nake hawa yanzu famfonta na lantarki ne, yana cikin tanki, yana tura mai da ƙarfin da ya ninka na Fijo sau da yawa. Ƙaramar huda a irin wannan tiyo feshi take yi a kan inji mai zafi, kuma ƙarfin na nan a bututu ko bayan an kashe motar. Hoda da reza ba su da wurin zama a nan. In na ji wari, kashe ta nake yi in kira bakanike, in tsaya a gefe ina kallon hannunsa, ina yi masa tambayoyin da na san suna ba shi haushi.