Daga Legas Aka Yi Ciniki, A Ƙofar Durbi Muka Ga Fili

Ranar wata Laraba cikin hutun damina Yayanmu ya bugo waya daga Legas, muryarsa cike da murna, ya ce ya samu fili a Katsina. Shekara shida ke nan yana sayar da kayan gwari a kasuwar Mile 12, yana tara abin da ya samu ta hanyar adashi. Wani dillali ya turo masa hotuna ta WhatsApp: fuloti ƙafa 50 da 50 a Ƙofar Durbi, naira miliyan 3. Har ya tura naira 200,000 kafin alƙalami. Abin da ya rage, in ji shi, mu je mu gani da ido, mu karɓo masa takarda, shi kuma ya tura cikon kuɗin.

Mu biyu aka aika, ɗan wa da ɗan ƙane, dukkanmu ɗalibai a Jami'ar Bayero. Ba mu taɓa sayen ko akurkin kaji ba. Dalilin zaɓen mu shi ne muna hutu, kuma an ce 'yan boko sun iya karanta takarda. Dalilin zaɓen Ƙofar Durbi kuwa, can ne asalin kakanmu kafin fatauci ya kawo shi Kano, kuma har yau Goggonmu tana zaune a unguwar.

Da sassafe muka shiga mota. Daga Kano zuwa Katsina tafiyar kimanin kilomita 170 ce, ta Bichi da Tsanyawa da Kankiya da Charanchi. Ko'ina ka duba gero da dawa sun yi kore shar. Kafin azahar mun shiga ta Dikko ɗakin kara ta Ƙofar Ƙaura, muka tari adaidaita sahu zuwa gidan Goggo.

Ƙofar Durbi ɗaya ce daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Katsina, 'yar uwar Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri da Ƙofar Marusa da Ƙofar Kwaya da Ƙofar 'Yanɗaka da Ƙofar Ƙaura. Tana ɓangaren gabas, ta nan ake fita a kama hanyar Mani da Daura. Sunan ya samo asali daga sarautar Durbi. Durbin Katsina yana cikin masu zaɓen sarki, kuma shi ne Hakimin Mani. A ƙasar Mani ɗin ne Durbi ta Kusheyi take, inda manyan kaburburan sarakunan dā suke, waɗanda Bature Palmer ya fara tonawa a 1907. Wato duk wanda ya tsaya a wannan ƙofa ya fuskanci gabas, yana kallon hanyar da ta nufi tushen masarautar.

Mun yi tsammanin ganin doguwar katangar ƙasa irin ta cikin littafin tarihi. Abin da muka tarar shi ne titi, da shaguna, da masu faci, da masu shayi, da babura suna ta kai da kawo. Yawancin ganuwar ruwan sama ya cinye, sauran kuma gidaje sun hau kai. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya zo Katsina a 1851, ya tarar da fili mai yawa a cikin ganuwa babu gidaje. Yau gari ya cika ganuwar ya tumbatsa waje. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a ranar 23 ga Satumba, 1987, birnin ya zama hedikwata, ma'aikata suka ƙaru. Daga baya jami'o'i suka zo, Al-Qalam da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa. A shekarun nan kuma mutanen da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu suna shigowa neman wurin zama. Duk waɗannan mutane ɗaki suke nema, shi ya sa gonakin bayan gari suke komawa fulotai.

Goggo ta zubo mana tuwo, ta saurari labarin har ƙarshe. Tambaya ɗaya ta yi: "Filin na wa ne?" Muka ce na dillali. Ta yi dariya har da tafa hannu. "Dillali ba shi da fili, 'ya'yan nan. Bakinsa ne jarinsa. Ku tambaye shi mai shi."

Da la'asar dillalin ya zo, mutum mai fara'a da yawan addu'a. Ya ce mu hau babur. Muka ce ai mun ɗauka a nan Ƙofar Durbi filin yake. Ya ce, "E mana, bayan Ƙofar Durbi." Muka fita ƙofa, muka miƙe titi, muka saki kwalta, muka ratsa gidajen da ba a gama ba, muka ratsa gonaki. Da muka tsaya, taswirar wayarmu ta nuna mun yi sama da kilomita biyar daga ƙofar. A nan muka gane cewa a bakin masu harkar filaye sunan unguwa kamar roba yake, ana jan sa ya kai inda ake so.

Wurin dai ba laifi. Akwai gidaje uku da mutane a ciki, da ƙaramin masallaci, da turakun wuta da ba a kai ga ɗaura musu waya ba. Sai dai hoton da aka tura wa Yaya da rani aka ɗauke shi. Mu da muka zo da damina mun ga inda ruwa yake bi ta gefen kudu, ya zaizaye ƙasa ya bar ɗan kwari. Gani ya kori ji.

Mun taho da tef na awo da muka aro wurin wani kafinta. Dillali ya ce babu buƙata, ga turaku nan. Muka ce a yi mana haƙuri, aiko mu aka yi. Muka ja tef: tsawo ƙafa 50 cif. Faɗi kuwa 42. Ƙafa takwas ɗin hanya ta cinye. Ku da kuke aji uku na ƙaramar sakandare kun san lissafin. 50 sau 50 shi ne 2,500. 50 sau 42 kuma 2,100. Bambancin 400 ne, wato kashi 16 cikin ɗari na filin. Kashi 16 na naira miliyan 3 kuwa naira 480,000 ne. Ba mu taɓa ganin ranar darasin faɗi da tsawo irin ta wannan yammacin ba.

Muna cikin awo wani dattijo mai buga bulo a gefe ya yafito mu. Bayan mun gaisa ya ce, "Samari, ku ne masu saye?" Muka ce yayanmu ne, Baba. Ya ce, "To, ni dai ba ni da ta cewa. Amma kada ku kwana ba ku ga mai unguwa ba." Ya koma kan aikinsa.

Bayan sallar magariba muka sami mai unguwa a ƙofar gidansa. Muka cire takalma, muka durƙusa, muka ce, "Ranka ya daɗe, mun zo da tambaya." Da muka kwatanta masa wurin, sai ya jinjina kai. Ya ce gonar wani bawan Allah ce da ya rasu, ya bar 'ya'ya bakwai, maza biyar, mata biyu. Ba a raba gadon ba. Babban ɗan ne ya kira masu igiya aka yanka gonar fuloti-fuloti. Ɗaya daga cikin matan tana aure a Maraɗi, kuma ba a ji ta bakinta ba. "Ni ba zan sa hannu a takardar da babu hannunta ba," in ji shi. "Yau ku biya, gobe ta zo ta kai ƙara, alƙali ya tsayar da gini. Sa'annan ku zo ku ce mai unguwa ya cuce ku."

A shari'ar Musulunci 'ya mace tana da rabonta na gado, rabin na ɗa namiji. Muddin ba a raba ba, kowane magaji yana da haƙƙi a kowane taƙi na gonar. Saboda haka babu wanda zai sayar da wani yanki shi kaɗai sai da yardar sauran.

A daren muka kira Yaya. Bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya ce, "Na aike ku karɓo takarda, kun koma 'yan sanda. Mutumin nan ya ce akwai wani Alhaji da zai biya gobe in na yi sanya." Muka yi shiru, don Yaya ne, kuma guminsa ne. Goggo ta karɓe wayar. Ta ce, "Kai, saurara. Shekara shida kana ɗaukar kwandon tumatir a kai. Fili ba tsuntsu ba ne balle ya tashi. In Alhajin ya saya, ya sayi rigima, Allah ya ba shi sa'a." Ta kashe wayar. Mun kwana muna juyi, muna tunanin idan filin ya kuɓuce, mu za a ɗora wa laifi har abada.

Washegari muka nufi ofishin filaye na jiha. Wani ma'aikaci ya zaunar da mu ya yi mana bayanin da ya kamata a ce tun a makaranta mun sani. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka kafa zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana. Abin da mutum yake saye shi ne haƙƙin zama da amfani da wuri. Takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, yawanci ta shekara 99 ce ga filin gidan zama, kuma idan mai irin wannan takarda zai sayar, doka ta ce sai da amincewar gwamna. Ya kuma bambance mana awo iri biyu. Awon gwamnati yana da taswira, da lambar fuloti, da duwatsun safiyo, da hanyoyin da aka ware. Awon igiya kuwa masu gona ne suke yanka abinsu, shi ya sa ya fi araha, shi ya sa kuma ake samun lungu inda ya kamata a ga titi. Namu awon igiya ne. Ya ce hakan bai hana saye ba, amma mu tabbatar wurin bai faɗa cikin filin da gwamnati ta ware wa makaranta ko hanya ba, kuma kafin a aza tubali a nemi izinin gini daga hukumar tsara birane. Aka duba, wurin bai shiga ko ɗaya ba.

Da muka koma wa dillali da sharuɗɗanmu, fara'ar ta ragu. Sharuɗɗan uku ne: mu ga magada ido da ido, kowa ya sa hannu har da ta Maraɗi, kuma a rage kuɗin ƙafa takwas. Ya ce mun fiye ƙaƙale. Daga baya muka fahimci ba lallai mugu ba ne. La'adarsa ba ta fitowa sai an gama ciniki, don haka duk abin da zai jawo jinkiri abokin gabarsa ne. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa mai saye ya nemi wani ido ban da na dillali.

Muka koma Kano hannu rabbana, babu takarda, babu tabbacin naira 200,000 ɗin Yaya za ta dawo. Mako biyu bai kira mu ba.

Sai bayan wata biyu Goggo ta aiko mu zo. Ashe Alhajin da ake ta ambato bai taɓa bayyana ba. 'Yar uwar magadan ta zo daga Maraɗi, wanda ba wani nisa ne da Katsina ba, kuma zumuncin garuruwan biyu tsoho ne, tun lokacin da sarakunan Haɓe na Katsina suka koma can bayan jihadi. An zauna gaban malamai an fitar wa kowa rabonsa. Fulotin da muke so ya faɗa a rabon ɗaya daga cikin mazan. A zauren mai unguwa aka rubuta takardar ciniki: sunan mai sayarwa da mai saye, girman fili 50 da 42, maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa, kuɗi naira miliyan 2 da 520,000, har da kafin alƙalamin da aka riga aka bayar. Shaidu biyu daga kowane ɓangare suka sa hannu, sauran magada suka dangwala, mai unguwa ya buga hatimi. Yaya ya tura kuɗin ta banki kai tsaye zuwa asusun mai filin, yana kallon mu ta bidiyo daga cikin hayaniyar kasuwa. Da aka shafa fatiha sai muka ga yana goge ido da hularsa.

Abin da ya rage daga rangwamen nan shi aka sayi bulo da siminti da shi, aka ɗaga harsashi ta gefen kudu inda ruwa yake bi. Dattijon nan mai bulo shi ya yi aikin. Takardar gwamnati kuwa mun cike fom mun miƙa, muna jira.

Ƙannenmu, da yawanku kuna da yaya ko kawu a Legas, ko Fatakwal, ko Saudiyya, wanda wata rana zai ce ku je ku dubo masa fili. Ku tafi da tef. Ku je da damina in da hali. Ku gaida maƙwabta, ku nemi mai unguwa, ku tambayi mai filin na ainihi da yadda ya same shi, ku leƙa ofishin filaye. Idan aka ce muku wani zai biya gobe, ku ce Allah ya sa albarka.

Ranar da za mu dawo mun tsaya shan shayi a bakin Ƙofar Durbi. Mai shayin ya tambaye mu ko baƙi ne. Muka ce kakanmu ɗan unguwar nan ne, kuma yanzu yayanmu yana da fili a bayan ƙofa. Ya ce, "Bayan ƙofa ta ina?" Muka kwatanta masa. Ya yi murmushi, ya ƙara mana madara, ya ce, "Ai can kun kusa Mani."