Kwana Uku a Kumbashi, Gidan Malamin da Ake Kira Kansila

Ta'aziyya ce ta kai ni Kumbashi. Wani abokin karatuna tun muna Zariya aka yi wa rasuwar mahaifiya, zumuncinmu kuwa ya wuce gaisuwa ta waya. Daga Kano direbobi suka ce mu zagaya ta Minna, domin hanyar Birnin Gwari ba ta biyuwa da kwanciyar hankali. Muka bi Zungeru, muka iso Tegina da la'asar. A nan motar ta yi tsit. Kowa ya san abin da ya faru a garin ranar 30 ga Mayu, 2021, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe yara sama da 130 daga Islamiyyar Salihu Tanko, suka riƙe su kusan wata uku a daji. Kagara ma ba nisa, inda aka ɗauke mutum 42 daga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati a watan Fabrairun wannan shekarar, 27 daga cikinsu ɗalibai.

Na kwana a Kontagora, garin Sarkin Sudan, wanda Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa. Da sassafe muka shiga ƙasar Mariga. Dawa da masara sun kai, Kambari da Fulani da Hausawa na ta kai-komo a kan babura, direba kuma yana ta tambayar duk motar da muka haɗu da ita ko hanya lafiya.

Bayan na isa Kumbashi an yi addu'a an shafa, ina zaune a zaure tare da abokina sai wani dattijo ya leƙo ya ce, "Kansila, in ka samu sarari ina son ganinka." Na dubi abokina da mamaki, na ce, "Malam, yaushe ka shiga siyasa ban sani ba?" Ya ce bai taɓa tsayawa zaɓe ba. Fannin jagoranci da ba da shawara ya karanta, wanda malaman makaranta ke kira gaidans, sunan mai wannan aiki a Turanci kuma ya yi kama da na kansilan ƙaramar hukuma a kunne. Sai sunan ya bi shi. Da farko, in ji shi, har masu neman taki da gyaran rijiya sun riƙa zuwa. Daga baya mutane suka gane abin da ke wurinsa, masu zuwa suka canza.

Dattijon nan jikarsa ce ta dawo daga hannun masu garkuwa watanni da suka wuce. Jikinta ya warke, amma ba ta barci, ƙarar babur kawai ta isa ta sa ta shige ƙarƙashin gado, kuma ta ƙi komawa aji. An yi rubutu, an yi addu'a, liman ya yi nasa, gwaggonta ta yi lallashi. Abokina ba ya raina ko ɗaya daga cikin waɗannan, shi ma da addu'a yake buɗe zama. Abin da ya ƙara shi ne zama da yarinyar sau ɗaya a mako, mahaifiyarta na daga bakin ƙofa, ba ya matsa mata ta ba da labari, ba ya ce mata ta manta. Yana koya mata yadda za ta daidaita numfashi in tsoro ya taso, yana kuma koya wa mutanen gida su daina tambayarta abin da aka yi mata a gaban baƙi.

Da dare muka baje tabarma a tsakar gida, ya ɗauko wani akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Littattafan rubutu ne a ciki, kowane yaro da shafinsa, babu suna sai lamba. Ya ce wannan shi ne darasin farko da aka dasa musu: abin da aka faɗa maka a ɗakin shawara amana ce. Sai dai a ƙauye riƙe sirri ba ƙaramin aiki ba ne. Uban yaro zai zo ya ce, ni na haife shi, faɗa mini abin da ya gaya maka. Mai unguwa zai aiko. Wani lokaci shugaban makaranta ne ke son sanin wace yarinya ce ta zo da kuka. In malami shi kaɗai ne, ƙin faɗarsa sai a ɗauke shi taurin kai ko raini. In kuwa zai iya cewa wannan ƙa'idar sana'armu ce, akwai ƙungiyar da ta rubuta ta, akwai kuma hukuncin wanda ya saɓa, to maganarsa ta samu gindin zama. Ya kuma san iyakar sirrin: in rai na cikin haɗari, ko ana cutar da yaro, dole a sanar da wanda zai iya tsare shi.

A nan na fara fahimtar amfanin ƙungiyoyin wannan sana'a, ni da a da nake ɗaukarsu taron ƙasida da rabon jaka. Aikin ba da shawara ya fara a Nijeriya a 1959, lokacin da wasu mata 'yan ɗarikar Katolika a makarantar St. Theresa da ke Oke-Ado, Ibadan, suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban su yi wa ɗalibai masu fita bayanin sana'o'i. A 1976 aka kafa Ƙungiyar Masu Ba da Shawara ta Nijeriya, wadda aka sani yanzu da CASSON, Farfesa Olu Makinde ne shugabanta na farko. Shekara guda bayan haka Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta amince makarantun sakandare su samu masu wannan aiki. Ƙungiyar tana da rassa a jihohi, tana taron shekara-shekara, tana buga mujallar bincike. Daga baya wata ƙungiyar mai suna APROCON ta zo. Takwararsu ta Amurka ta girme su, tun 1952 take, ko da yake sai a 1992 ta ɗauki sunan da take amsawa yau.

Babban abin da masu sana'ar suka daɗe suna nema ya samu a 2022, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta riƙa yi wa masu ba da shawara rajista da sa ido a kan aikinsu. Ƙungiya tana haɗa 'ya'yanta, ta horar da su, ta yi magana da yawunsu, majalisa kuwa doka ce ta ba ta ikon cewa wane ya cancanta, wane bai cancanta ba. Wanda ya ga yadda masu kiran kansu ƙwararrun gyaran aure da tarbiyya suka cika Facebook da TikTok, suna karanta saƙonnin mata a bainar jama'a, ya san dalilin da ya sa wannan doka ta zama dole. A farkon 2023 kuma aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.

Na tambaye shi abin da ya fi buƙata daga ƙungiya. Na zaci zai ce ƙarin girma ko alawus. Ya yi shiru, sannan ya ce yana son wanda zai kira. A horon da aka yi musu an gaya musu mai ba da shawara shi ma yana buƙatar babba a sana'ar da zai riƙa duba aikinsa, ya gyara masa kuskure, ya kuma sauke masa nauyin abin da yake ji. An horar da shi ne don taimaka wa ɗalibi ya zaɓi kimiyya ko adabi, ya cike takardar JAMB, ya daina guje wa aji. Yanzu yaran da suka ga an kashe iyayensu ake kawo masa. Akwai yaron da ya daina magana gaba ɗaya, abokina ya gane wannan ya fi ƙarfinsa, na likita ne, ya yi ta bin dangin har suka yarda za su kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Kuɗin mota da tsoron hanya suka cinye wata biyu kafin a tafi. Ya ce a waɗannan watanni ya sha kwana ido biyu yana tunanin ko akwai abin da ya kamata ya yi da bai sani ba.

Ina ganin nan ne ƙungiyoyin za su fi yin tasiri a ƙasa irin ta Kontagora. Taron shekara a babban birni yana da amfaninsa, amma malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba zai iya kuɗin mota da masauki ba. Kontagora na da babbar makarantar horar da malamai ta tarayya, kuma nan ce cibiyar masarauta. Da reshen jiha zai shirya zama ko sau ɗaya a zangon karatu a can, malaman Mariga da Rijau da Magama da Mashegu su haɗu da malaman jami'a da likita guda, da an rage wa mutane irinsa kaɗaici. Ko lambar waya ce ta wani gogagge da ya yarda a kira shi ranar Asabar, ta wadatar a fara. Sannan a mayar da ƙa'idojin sana'ar cikin Hausa, domin uban da ke neman sirrin ɗansa da Hausa yake tambaya, da Hausa kuma ya kamata a nuna masa abin da aka rubuta.

Ranar da zan tafi ya rako ni tasha. Muna tsaye dattijon nan ya wuce a kan keke, ya tsaya muka gaisa. Abokina ya ce, "Baba, yaya mai jiki?" Ya ce da sauƙi, jiya ta bi ƙawayenta har ƙofar makaranta, ko da yake ba ta shiga ba. Abokina ya ce a bar ta, kada a tura ta, ranar Laraba a kawo ta kamar kullum. Kafin mota ta tashi ya leƙo ta taga ya tuna mini alkawarin da na yi masa daren jiya, cewa in na isa Kano zan nemo masa lambar tsohon malaminmu na Zariya.